Yadda Ake Kiwon Kaji a Cikin Gida Ba Tare da Rainon Ƙwayar Cutar da Ba Ta Jin Magani Ba

'Yar'uwa, in kin ƙudura zuba 'yan tsaki a lungun gidanki don Sallah ko don ƙwan sayarwa, zauna ki ji abin da na so a ce an gaya mini tun zubina na farko. Na daɗe ina wannan kiwo, burela da masu ƙwai, a gidan da nake zaune da yara. A shekarun farko duk abin da mai shagon magani ya miƙo mini, ruwan kaji nake juye shi. Ranar da aka kawo su magani, wata ta yi atishawa magani, hadari ya taso magani.

Ƙaramar 'yata ce ta dawo da ni hayyacina. Ta yi gudawa da zazzaɓi, an ba ta magani kala biyu ko gezau, sai da aka kai bayan-gidanta ɗakin gwaji aka sauya mata na uku mai tsada. Likitar tana rubutu ba ta ɗago ba ta ce, "Hajiya, kuna kiwo a gida ne?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Me kike ba su?" Da na fara lissafa mata sunayen, sai ta ajiye biro ta dube ni.

Bayanin da ta yi mini gajere ne. Hanjin kowace kaza cike yake da bakteriya, irin su E. coli da Salmonella da Campylobacter. Duk sa'ad da kika zuba antibiyotik, wato maganin kashe bakteriya, masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, kuma E. coli in ta samu yadda take so takan ninka kanta cikin kamar minti 20. Har miƙa wa juna taurin kan suke yi, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ta kashi suke fitowa, daga nan su hau takalmi, hannu, ƙafar ƙuda, wuƙa, bakin rijiya, ganyen latas. Maganin da muke ba kajin kuwa ɗan'uwan wanda ake ba mu ne a asibiti. Enrofloxacin da ke cikin kwalaben shagon dabbobi dangi ɗaya ne da ciprofloxacin da ake rubuta wa mai taifod. Amurka ta hana ba kaji enrofloxacin tun 2005, saboda Campylobacter ɗin da ke kama mutane ta fara daina jin maganin. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne irin waɗannan ƙwayoyi suka kashe kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne a sahun gaba.

Saboda haka aikin biyu ne: ki rage maganin da ke shiga cikin kajin, sannan ki toshe hanyar da ke tsakanin kashinsu da bakin yaranki.

Kayan da za ki tanada

- Takalmin roba da wata tsohuwar riga ko zane, na ɗakin kaji kaɗai.
- Buta da sabulu a bakin ƙofar ɗakin.
- Faffaɗar roba ta tsoma ƙafa, da Izal ko Hypo.
- Tsintsiya, shebur da bokiti waɗanda ba sa shiga tsakar gida.
- Garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa busasshe, na shimfiɗa.
- Ƙaramin keji ko kwando na ware marar lafiya.
- Sirinji marar allura ko cokalin awo, da jarka wadda kin san litarta.
- Wuƙa, katakon yanka da baho na aikin kaza kaɗai.
- Littafi da biro.
- Lambar wayar likitan dabbobi. Ki nemo ta tun kafin tsakin su iso.

In babu takalmin roba, tsohon silifas ya isa, muddin ba zai tsallake ƙofar ɗakin ba. In sabulu ya yanke, ki cuɗa hannu da toka ki ɗauraye da ruwa mai yawa kafin a sayo.

1. Zaɓi wuri

Nesa da rijiya, nesa da madafa, nesa da inda yara ke rarrafe. Ki zuba bokitin ruwa a wurin ki ga inda yake gangarawa. In tsakar gida ya nufa, ko bakin rijiya, sauya wuri ko ki yi masa kwata tasa daban. Iska ta riƙa shiga tana fita. Kada ki cunkusa su: manyan burela kada su wuce 8 zuwa 10 a fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, a zafin bazara ma ki rage. Cunkoso da zafi su ke jawo yawancin ciwon da ake saya wa magani.

In gidan haya ne babu fili, gara ki zuba 20 a keji mai tire a ƙasa da ki zuba 100 a ɗakin da ke jikin na kwananku.

2. Tsaki da riga-kafi

Ki saya a hannun wanda zai iya gaya miki gidan ƙyanƙyasar da suka fito da ranar da aka ƙyanƙyashe su, ya kuma ba ki jadawalin riga-kafi. Riga-kafin Gumboro da Lasota, wato na ciwon Newcastle, su ne ba a wasa da su. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin su, akwai kuma na waje. Cututtukan nan biyu, Gumboro da Newcastle, bairos ne ke kawo su, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya, antibiyotik kuwa ba ya taɓa bairos ko kin juye kwalba guda.

Riga-kafi abu ne mai rai. Ki ɗauko shi cikin ƙanƙara, ki janye wa kajin ruwa kamar awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, ki haɗa da ruwan da ba shi da kulorin, su shanye cikin awa biyu. Wanda ya sha rana a aljihun ɗan aike ya zama ruwa kawai.

Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi shekaru: antibiyotik na kwana biyar daga ranar da tsaki suka iso, wai don kariya. Tsako lafiyayye ɗumi yake so, da ruwa mai tsafta da ɗan gulukos ko bitamin, da abinci mai kyau. In sun iso a galabaice, cibiya a jiƙe, suna mutuwa tun kwanan farko, wannan kuma maganar likita ce da ta wanda ya sayar miki.

3. Koyi karanta bayan leda

Nan ne ake yaudararmu. Da yawa daga cikin ledojin da ake miƙo mana da sunan bitamin ko maganin gajiya akwai antibiyotik a ciki, wani ma kala uku ko huɗu a haɗe. Kada hoton ƙatuwar kaza da ke gaba ya ɗauke miki hankali, ki juya baya inda aka jera abin da ke ciki. Duk sunan da ya ƙare da cycline, ko mycin, ko floxacin, ko cillin, ko ya fara da sulfa, antibiyotik ne. Tylosin da colistin ma haka. In ba ki iya karantawa, ki ɗauki hoton ledar a waya ki tura wa likitan, ko yaron makaranta ya karanta miki.

Guda uku ba sa shiga ɗakin kajina. Chloramphenicol da furazolidone an haramta ba su dabbobin da ake ci, saboda ragowarsu a nama na da haɗari ga mutum, duk da haka takan yiwu ki ci karo da su a kasuwa. Na ukun colistin ne. Shi likitoci ke ajiyewa sai majiyyaci ya ƙure duk sauran magunguna. A 2015 masu bincike a Chana suka gano E. coli a jikin aladu da naman kasuwa da marasa lafiya tana ɗauke da wani sinadarin gado, mcr-1, da ke sa ta bijire masa, kuma tana iya miƙa shi ga wasu ƙwayoyin. Ba a daɗe ba aka yi ta ganin sa a ƙasashe da dama, Chana kuwa ta hana zuba colistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017. Mu a nan yana cikin ledar da ake sayarwa kamar magi.

Wanda kuma zai ce miki a riƙa sa kaɗan-kaɗan a abinci don su yi saurin girma, Tarayyar Turai ta hana wannan tun 2006, kuma ba su daina cin kaza ba.

Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

4. Aikin kullum

Ki fara da ƙanana ki gama da manya, marar lafiya ita ce ta ƙarshe. Sauya takalmi a ƙofa, tsoma ƙafa, shiga. Ruwan tsoma ƙafar in ya yi laka ya daina aiki, a sauya shi.

Mazubin ruwa a wanke shi kowace safiya da soso, har santsin nan da ke manne a ciki ya fita, don a cikinsa ƙwayoyin ke fakewa. Ki ɗora shi kan bulo daidai bayan kajin don kada su yi kashi a ciki. Ruwan da ba za ki iya ba ɗanki ba, kada ki ba su. Kuma kada a wanke mazubin a inda ake wanke-wanke, ko da soson kwanuka.

Shimfiɗa ki damƙe ta a hannu: in ta dunƙule ta yi laima da yawa, ki kwashe wurin ki zuba busasshiya. In kika shiga warin ya sa idonki yaji, kajin sun daɗe suna shaƙarsa, tari na nan tafe.

Da kin fito, sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin ki taɓa jariri ko tukunya ko wayarki. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar kada su shiga ɗakin, kada a ba su tsako su yi wasa da shi, komai kukansu. Na san da wuya. Mai ciki da tsofaffi ma a ɗauke musu sharar ɗakin.

Kajin Hausa masu yawo, da agwagi da zabi, kada su haɗa mazubi da na keji. Wadda aka sayo daga kasuwa ko aka kawo miki kyauta ta yi mako biyu a ware.

5. In kaza ta kwanta

Kin shiga da safe kin ga ɗaya ta takure a kusurwa, fukafukai a sake, ido a lumshe. Hannunki zai nufi ledar magani. Dakata.

Ɗauke ta ki sa a kejin warewa. Ki tsaya minti biyar ki kalli sauran: suna ci? Sun shanye ruwan jiya kamar kullum? Kalar kashin fa, fari ne, kore, ko da jini? Akwai mai minshari ko mai murɗe wuya? Ki rubuta, da kwanakinsu da adadin da suka mutu. Ki ɗauki hoton kashin da ɗan bidiyon kazar, ki kira likita.

Dalilin wannan wahala shi ne alamomin suna kama da juna, maganin kuwa ba ɗaya ba. Kashin jini a tsaki 'yan mako uku zuwa shida yawanci koksidiya ce, wata ƙwayar hanji da ba bakteriya ba, maganinta daban ne, irin su amprolium. Koren kashi da murɗewar wuya da mutuwa da yawa ya fi kama da Newcastle. Haki da baki buɗe da tsakar rana zafi ne, iska da ruwan sanyi yake so. Duk ukun nan babu inda tetracycline zai yi amfani, sai dai ya horar da ƙwayoyin hanjinsu.

In wata ta mutu, ki sa ta a leda biyu ki kai asibitin dabbobi a ranar, a buɗe ta a gani. Asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da ɗakin gwajin da ake shuka ƙwayar a gano maganin da take ji. Gara gwajin da ki yi ta sayen ledoji kina laluben duhu. In garinku babu likita, ki nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, ko ku haɗu ku masu kiwo na unguwa ku riƙa ɗauko ɗaya daga birni kuna raba kuɗin motarsa.

In kuwa suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, tukku ya yi baƙi-baƙi, fuska a kumbure, kada ki yanka, kada ki sayar, kada ki taɓa da hannu tsirara. Ki sanar da ofishin dabbobi, don murar tsuntsaye tana zuwa da wannan kama.

6. In maganin ya zama dole

Akwai ranar da likita zai ce a ba su, to a ba su yadda ya kamata. Kala ɗaya, ba haɗin gambiza ba. Awo daidai: in an ce giram kaza a lita kaza, ki auna ruwan da jarka, garin da cokalin awo. "Ɗan yatsa uku" da "har ruwan ya yi yalo" ba awo ba ne. Wadda ke rage awo don ledar ta kai mata zubi biyu, ita ce ta fi kowa rainon ƙwaya mai taurin kai, domin maganin bai kai ya kashe ba, ya dai koya mata. Alexander Fleming da ya gano penisilin ya yi wannan gargaɗi tun 1945.

Ki haɗa sabo kullum, na jiya a zubar a rami, ba a kwata ba. Ki cika kwanakin da aka ce ko da sun miƙe a kwana na biyu. In kwana uku babu sauƙi, ki koma wa likitan, kada ki ɗora wani a kai.

Kafso ja da yalo na kemis, da ragowar maganin yara, da ampiclox ɗin maigida, ba na kaji ba ne. Haka kuma na kaji ba na mutum ba ne.

Ki rubuta a littafi: suna, ranar farawa, ranar gamawa.

7. Kwanakin jira

A jikin kowace leda ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira bayan gama magani kafin a yanka kaza ko a ci ƙwanta. Daga ranar ƙarshe ake ƙirgawa. Wasu magungunan ma an rubuta ƙarara cewa ba a ba masu ƙwan da mutane za su ci. Ƙwan kwanakin nan a fasa a binne. Yana da ciwo, na sani, kiret-kiret na binne ina ƙunar rai, amma kada a sayar wa mai shayi, kada a ba almajirai.

Saboda wannan ne nake lissafin zubin Sallah ta yadda makon ƙarshe babu magani ko kaɗan. Kuma kazar da ake wa magani ta ga za ta mutu, a daina cewa "a yi maza a sa mata wuƙa."

Ki riƙe bambancin nan. Jira yana fitar da ragowar magani daga nama, amma ba ya kore ƙwayar da ta riga ta koyi taurin kai. Wuta tana kashe ƙwayar, amma ba ta gama cinye ragowar magani. Kowanne da aikinsa.

8. Yanka da gyara

A yi shi a waje ɗaya, kan siminti ko leda, nesa da randa da kwanukan abinci. Wurin fitar da kayan ciki ki bi a hankali kada hanji ya fashe a kan naman. In ya fashe, ki ɗauraye wannan kazar ita kaɗai ki sauya ruwa. Wanki a cikin baho, ba ƙarƙashin famfo yana fantsama ba. Ruwan figa da na wanki da gashin duk rami za su.

Wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza ba za ta koma kan albasa da tumatir da kabejin da za a ci ɗanye ba sai ta sha sabulu da ruwan zafi. A ranar Sallah, hannu da yawa a madafa, nan ne aka fi yin wannan kuskure. Ni nakan ɗaura jan zare a ƙotar wuƙar kaza don kowa ya gane ta.

Naman ya dahu har jikin ƙashi, babu ja. Ƙwai ya dahu har gwaiduwa, musamman na yara. Ƙwan da kashi ya taɓa a goge shi da busasshen tsumma, kada a jiƙa shi cikin ruwa, don ɓawon yana da ƙananan ƙofofi.

9. Kashi da mushe

Kashin kaji kuɗi ne, 'yan lambu har gida suke biyo shi. Sai dai in aka watsa shi ɗanye a kan latas da alayyafo, abin da kika tsare a gida zai dawo miki ta kasuwa. Ki tara shi tsibi guda a bayan gida, ki yayyafa ruwa ya yi laima, ki rufe da leda ko buhuna. Bayan 'yan kwanaki in kika tura sanda ciki kika zaro za ki ji ta da zafi. Zafin nan ne ke kashe yawancin ƙwayoyin. Ki juya shi duk mako, na gefe ya koma tsakiya, har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi warin ya kwanta. In babu wurin tarawa, ki sayar wa manomin masara ko dawa da zai zuba kafin shuka, ki gaya masa ɗanye ne. Wurin kwasa ki ɗaure hanci da baki, ƙurar busasshen kashi ma tana ɗauke da su.

Mushe a rami mai zurfi, a zuba toka ko farar ƙasa a rufe, nesa da rijiya. Ba a jefa wa kare, ba a cilla shi bola, ba a ba kifin tarwaɗa. Ledoji da kwalaben magani su ma kada a bar wa yara su yi wasa da su.

10. Bayan an kwashe zubi

A fitar da shimfiɗar duka, a share har yanar saman rufi, a wanke da omo tukuna, sannan a fesa Hypo ko Izal. Maganin feshi ba ya ratsa kashin da ya bushe a ƙasa, shi ya sa wanki ke gaba. A bar ɗakin ya sha iska mako biyu babu ko kaza ɗaya. Ɗokin ciniki zai ce miki ki zubo sababbi washegari, kada ki biye masa.

A cikin makonnin nan ki buɗe littafinki ki ga sau nawa kika ba da magani a zubin da ya wuce, da abin da ya jawo. Littafin nan kuma ki tafi da shi asibiti duk ranar da wani a gidan ya yi gudawa mai jini, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko ciwon fitsarin da ya ƙi jin magani. Kada ki tsaya a kemis. Ki ce wa likita kuna kiwon kaji a gida, ki buɗe masa shafin da kika rubuta sunayen magungunan, ki tambaye shi ko za a yi gwaji kafin a rubuta wani.